Daminar da Ta Cinye Mini Kaset Goma

Duk faɗin Madarunfa, daga bakin tabki har ka dangana da Gabi, ka juyo ta Safo ka ɓulla Sarkin Yamma, babu mahalukin da ya riga ni sa na'ura cikin karatu. Ni ne na farko. Da ana ba da lambar girma a kan wannan, da yanzu ƙirjina ya yi nauyin da sai an ɗauko ni a amalanke. Lokacin da nake danna maɓalli ilimi yana shiga akwati da ƙafarsa, iyayen yaran nan masu shafa gilashi da yatsa ko hanyar lakwal, makarantar boko, ba su sani ba. Shi ya sa har gobe in ka shigo tashar motarmu ka ce ina Lauya, kowa zai nuna maka ni. Abin da ba za su gaya maka ba, don suna jin nauyina, shi ne sau ɗaya tak na taɓa tsayawa gaban alƙali, shi ma shaida na je bayarwa a kan rigimar jaki. Aikina lodin fasinja da buhunan wake zuwa bakin iyaka.

Daminar bana ce ta tono mini wannan zance. Ruwa ya sauka sau ɗaya mai kyau, muka fita da sungumi muka yi shuka, gero ya tsiro har ya fara kaɗa kunne, sai sama ta ɗauke kai. Kwana ashirin muna kallon gabas kamar masu jiran baƙo. Hadari ya haɗu da la'asar, ya yi baƙi ƙirin, ya yi mana rugugi, sannan iska ta kwashe shi ta kai wa wasu. Cikin wannan zaman jiran ne ɗiyata Rakiya ta dawo hutu daga jami'a a Maraɗi, inda take karatun aikin gona. Ta dawo da jaka ɗaya, da salula ɗaya, da labari ɗaya: darasi biyu sun kayar da ita, sai ta sake rubuta jarrabawarsu ƙarshen hutu. In ta sake faɗuwa, shekarar ta tafi.

Na sa ido.

Yarinya tana daka da igiyar salula a kunne. Tana shara da igiya a kunne. Ta kai fura gona da igiya a kunne, har na fara tunanin ko da ita aka haife ta ban lura ba. In ka yi mata magana sai ka yi sau uku. Na tambayi uwarta, ta ce ai karatu take ji. Na ce to. Ni da na san irin karatun da ake ji da murmushi.

Ranar nan na tsinko ganyen gero da wata tsutsa ta huda, na ajiye mata bisa tabarma.

“Malamar gona, mi ke cin wanga gero?”

Ta juya ganyen, ta kai hannu ga salula. “Bari in ɗauki hotonsa, Baba, yanzu za ta gaya mana.”

“Wa za ta gaya mana?”

“Akwai abin da ake tambaya a ciki.”

“Ni ke na kai lakwal ko abin da ke ciki?”

Na karɓi salular na ce ta buɗe mini. Gaskiya saurayi nake nema, ban same shi ba, ko kuma ya fi ni wayo. Abin da na samu ya fi saurayi tayar mini da hankali. Hotunan allon aji ne, ɗaya bayan ɗaya, sun fi tumakin kasuwar jajibirin salla yawa. Wani da ƙeyar ɗalibi a gaba, wani da hannun malami yana cikin gogewa. Ga muryoyin malamai an ɗauka an jera. Na ce ina kayenki, littafin da kika rubuta da hannunki? Ta kawo. Shafi huɗu na farko an rubuta su da kyau har da jan layi. Sauran fari fat, ka ce yau aka sayo shi.

Na san wannan kaye. Na taɓa mallakar irinsa. Na jefa salular cikin aljihun gaban rigata na ce sai bayan jarrabawa.

“Baba, duk darasin yana ciki fa! Mako biyar ya rage mini!”

“Ya zauna ciki. Ba ya ruɓewa.”

Shekara talatin da 'yan kai ke nan, ina shekarar farko a jami'a a Yamai, ina karatun lauya. Kuɗin tallafin ɗalibai na farko da suka shigo hannuna, abokaina suka sayi takalma, ni na shiga kasuwa na rungumo rediyo mai kaset, irin mai maɓallin ja wanda ke ɗaukar murya. Girmansa ya kai ɗan akuya. Pil, wato batir, huɗu manya yake ci. Kullum in shiga aji da shi, in ajiye shi bisa tebur gabana, in danna ja, in harɗe hannu. Sauran suna ta ƙirƙir da bik, wato biro, kamar kaji a juji, ni ina tausaya musu. Me zai sa in wahalar da yatsuna alhali ga bawa na saya yana yi mini? Kafin ƙarshen shekara na tara kaset goma sha biyu, kowane da lambarsa. Jarrabawar farko ta kayar da ni, amma ban damu ba. Akwai ta biyu bayan damina, kuma duk ilimin shari'ar duniya yana cikin jakata.

Na sauka Madarunfa ƙarshen bazara. Irin zafin nan da ƙasa ke ƙona tafin ƙafa ta cikin takalmi, kaji su buɗe baki su saki fukafukai ƙarƙashin rumbu, ruwan randa ma ya yi ɗumi kamar an taɓa shi da wuta. Tabki ya ja baya ya bar laka ta tsattsage. Mahaifinmu ya rasu shekara biyu kafin nan. Gidan daga Inna sai ƙannena mata biyu. Yayana Idi, ɗan farin Inna, ya tafi cirani Legas tun bayan girbi, kuma bai dawo ba, don kakar da ta wuce ba ta ba da abin kirki ba, ya ga zamansa can ya fi amfani.

Ranar da na iso Inna ta dama mini fura mai kauri. Na sha na yi gyatsa na ce gida daɗi. Sai da na kwana uku na gane wannan furar ta baƙo ce. Ta kullum, in ka leƙa cikin ƙwarya kana ganin fuskarka har da kunnuwa. Na hau rumbu don in ga abin da ya rage. Na zura kai, na yi sallama, rumbu ya amsa mini.

Ruwan farko ya zo da iska mai tsanani, ya kwashe dangar maƙwabta ya jibge mana a tsakar gida. Ƙamshin ƙasa ya tashi har cikin maƙogwaro. Da asuba gari duk ya fita. Ina gaba ina sara da sungumi, Inna da 'yan mata suna biye suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kwana uku muka gama gandu. Gero ya fito. Sai ruwa ya ɗauke, kamar bana. Muna kallo tsiron ya nannaɗe kamar zare, ya koma ruwan toka, iska mai yashi ta binne sauran. Da ruwa ya dawo muka sake shuka, kuma irin da muka zuba karo na biyu shi ne geron da Inna ta ɓoye don tuwo. Ranar ta tsaya da ƙwarya a hannu ta daɗe tana kallonsa kafin ta ce bismilla.

Daga nan sai ganye. Da safe 'yan mata su tafi su yago tafasa da yaɗiya, a dafa, a matse, a barbaɗa ɗan ƙuli in an samu, in ba a samu ba gishiri ya wadatar. Dusar da a da ake ba tumaki ta koma tukunya. Mun ci tafasa har na fara jin in na yi atishawa ganye zai fito. Yunwar damina ba kamar ta azumi ba ce, wadda ka san ƙarshenta magariba. Wannan tana zaune cikin gwiwa. Ka tura hauya sau goma sai ka ga ƙasa tana lilo, ka tsaya ka dogara da ƙotar kamar mai tunani, alhali jira kake duhun idonka ya washe.

Duk da haka ban bar karatu ba, a shaida mini. Akwai wata aduwa a tsakiyar gonarmu. Kullum in rataye rediyo a reshenta, in sa kaset, in buɗe murya har ƙarshe, ina noma malamin yana zuba Faransanci bisa gero. Tsarina shi ne ba zan taɓa na biyu ba sai na haddace na ɗaya. Sauran na naɗe su cikin tsumma na sa a akwatin Inna. Matsalar ita ce in na yi nisa da kunya ɗaya ba na jin komai sai iska, in na dawo kusa ya riga ya wuce wurin. Ga pil. Pil ya fi ɗan akuya ci. In ya yi sanyi sai muryar malamin ta ja, ta yi kauri, kamar sa mai mura. Sai in cire su in shanya bisa rufin kwano su sha rana, in dandaƙa su da dutse, wani lokaci har da haƙori. Su ba ni rabin sa'a su sake mutuwa.

Ranar da aka yi mana gayya, maza goma sha wani abu suka jeru da hauyoyi, kowa cikinsa a ɗaure da ƙyalle. Babu tuwon gayya a shekarar, kunun dusa ne da alkawarin mu ma za mu je tasu. Na kunna musu malamin. Wani dattijo ya saurara ya saurara, ya ce, “Sani, wanga mutum ba ya haɗiyar yawu? Tun hantsi yake faɗa, wa ya taɓa shi?” Na ce shari'a yake koyarwa. Ya ce, “To ka ce mishi ya yanke wa hadari hukunci.” Wata guda ina wannan fama, ina tsakanin kaset na ɗaya da na biyu.

Na rubuta wa Idi wasiƙa sau biyu ta hannun direbobin da ke kai shanu kudu. Shiru. Daga baya na ji dalili. Idi bai yi lakwal ba, sai ya kai aka karanta masa, da ya ji ni na rubuta sai ya ce, “Sani ne? In Sani ya ce ana yunwa, nama aka rage mishi a miya.” Ka ji sakamakon mai gyara zance.

Wata safiya, bayan ƙanwata ƙarama ta faɗi a bakin rijiya da guga a hannu, Inna ta kira ni ɗakinta. Ta nuna rediyo da haɓa.

“Wanga abin naka, da ke riƙe maganar Nasara, yana riƙe ta Hausa?”

Na ce yana riƙewa.

“In an kai ta wani gari, tana hitowa yadda anka sa ta?”

Na gane inda ta dosa. Sabon kaset sai Maraɗi, kuma abin da za a saye shi da shi ya isa tiyar gero. Na yi mata bayani a hankali cewa in aka ɗora magana bisa wata, ta ƙasan ta mutu ke nan har abada. Ta ce, “To. Bar shi. Karatunka ne.” Ta juya ta ci gaba da tsince tafasa. Da ta yi faɗa da na ji sauƙi.

Na buɗe akwati na ɗauko na goma sha biyu. Na ce shi ne na ƙarshe, kafin in iso gare shi na san dabarar da zan yi.

Inna ta yi wanka, ta ɗaura zanenta na zuwa suna, ta zauna bisa tabarma. Na ajiye rediyo gabanta. Sai ta juya masa baya. Ka san ɗan fari: tunda ta haifi Idi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa kallon idonsa ta yi masa doguwar magana ba. Yanzu ga akwati an ce kunnensa ne. Na danna ja, ina ji a raina kamar ina yanka ragona. Can ta ce, tana kallon bango:

“A gaida mutanen Legas. A gaida wanda ke can. Ina gajiya.”

Ta dakata tana jiran a amsa. Na yi mata alama ta ci gaba. Ta gaida mai gidan da ya sauke shi, ta gaida maƙwabtansa da ba ta sani ba, ta ba da labarin dangar da iska ta ɗauke, da wanda ya mutu, da wadda ta haihu. Kaset yana ta juyawa, ina kallon shari'ata tana tafiya. Sai can dab da ƙarshe ta rage murya.

“A gaya mishi mun sake shuka. A gaya mishi rumbu na share shi. Yara suna lahiya, sai dai ba su da nauyi. Shi ke nan.”

Ba ta ce yunwa ba. Ba ta ce a aiko ba. Na naɗe kaset ɗin cikin takarda na kai wa direban shanu.

Kafin azahar labari ya gama gari. Washegari ina fitowa na tarar da Tsahara, matar maƙwabcinmu, tsugune a ƙofar gida da goyo. Mijinta yana Legas shi ma, ɗaki ɗaya da Idi. Ta kwance goyon ta nuna mini. Wuyan yaron bai fi ƙotar ludayi ba. Na koma ciki na ɗauko na goma sha ɗaya.

Daga nan tsakar gidanmu ta koma gidan waya. Da hantsi, kafin a tafi gona, mata da tsofaffi su jeru a inuwar rumbu. Na yi ƙoƙarin haɗa gida uku a kaset ɗaya, amma wannan nata yana Kano, wannan Legas, wancan Fatakwal, kuma ba mai son maƙwabciya ta ji abin da za ta faɗa. Ban yarda da kowa ba, sai na yi tambaya kamar ɗan sanda. Da gaskiyata kuwa. Wata ta zo da hawaye, ina danna ja ta share su ta shiga yi wa mijinta tonon silili a kan wata tsohuwar rigima. Wani tsoho ya cinye fuskar kaset guda yana isar da gaisuwa, gida gida, har da ta awaki, fuskar ta ƙare bai kai ga zancen hatsi ba. Amma mafi yawansu irin na Inna ne: gaisuwa mai tsawo, sannan magana biyu a ƙarshe da murya ƙasa ƙasa. Fuska ɗaya ta kaset nake ba kowa, ba wanda ya juya ta biyun. Ko dala ban karɓa ba. Wanda ke da tsohon pil a tocila shi yake kawowa. Goma, tara, takwas, ina ƙirgawa da baya kamar mai cire haƙora. Da na uku ya tafi na rufe akwati na ce wallahi ko Sarkin Musulmi ne ya zo sai dai ya rubuta wasiƙa.

Kwana ashirin da wani abu, kamyon shanu, babbar motar nan, ya dawo. Aka sauke buhun garin rogo biyu da sunan gidanmu, ɗaya na Tsahara, da wasu ƙulle-ƙulle na mutane. Direban ya ce da Idi ya ji muryar Inna, tashi ya yi ya fita waje, ya daɗe bai dawo ba. Ba kowa aka amsa wa ba. Akwai wadda ta yi ta zuwa tasha har kaka, ba saƙo ba labari. Amma ranar, a gidaje da yawa, an jiƙa gari da ruwa da gishiri, an ci har ciki ya ɗaure kamar ganga. Ban taɓa cin abin da ya kai wannan garin daɗi ba, har da abincin da na ci a Makka.

Sai malka ta sauka. Kwana da kwanaki sama ba ta rufe baki ba. Gulbi ya kawo, tabki ya cika ya haura, kwaɗi suka hana mutane jin kiran salla. Katangar bayan gidanmu ta zauna. Gero ya yi duhu, ya fi ni tsawo, ya fitar da kai. Ranar da muka gasa tumun farko, ƙanwata ta ci tana kuka don ya ƙona mata baki kuma ta ƙi ajiyewa.

Na koma Yamai da kaset biyu, na haddace su har da tarin malamin. Aka raba takardar jarrabawa. Na karanta tambaya ta farko, na karanta ta biyu, na juya bayan takardar ko akwai ta uku. Ba ko ɗaya daga cikin nawa. Na san dai amsoshin suna nan, wani a Legas, wani a Kano, ƙarƙashin gaisuwar awaki. Na buɗe kayena a raina, shafi huɗu da jan layi. Haka karatun lauya ya ƙare. Na dawo gida da rediyo da suna.

Tun daga ranar, duk wanda ya zauna kusa da ni a tasha ya ji wannan labari. Ni ne mutumin da ya ba da digirinsa aka ci da gari. Kowace shekara buhunan suna ƙaruwa. Bara na ji kaina ina cewa kamyo uku.

To, bana. Salular Rakiya ta kwana uku a aljihuna. Tana ta ɗan kuka tana girgiza bisa ƙirjina kamar ɗan tsako, har cikin sahun salla. Yarinya ta daina yi mini dariya. Ta ɗauko kayen nan ta zauna da shi, ta rubuta abin da ta tuna, bai cika shafi biyu ba. Uwarta ta ce, “Malam, 'yan ajinsu ta ciki suke aiko da darasi, ka toshe mata rijiya ka ce ta sha ruwa.” Na ce na san abin da nake yi. Gaskiya ban sani ba. Ina dai jin tsoro ne, kuma tsoron ya girmi yarinyar.

Daren na uku ruwa ya dawo. Da safe muka fita noma, ni da Yaya Idi, wanda yanzu gemunsa ya yi fari, ya bar Legas tuntuni. Mutum ne da in ya yi magana goma a yini to an yi hira. Rana ta take, ƙasa tana tururi, Rakiya ta kawo mana fura ƙarƙashin aduwar nan, tana nan har yau. Fura mai kauri, har da nono. Ta ajiye za ta juya na ce ta zauna.

Na ba ta labarin tun daga farko, ko da yake ta ji shi ya fi sau ɗari. Na nuna mata reshen da nake rataye rediyo. Na kai ƙarshe na ce, “Kin gani? Ilimi na shekara guda, cif, ba abin da ya ɓace mini, na sa shi cikin akwati. Maɓalli ɗaya ya share shi. Abin da ke cikin na'ura ba naki ba ne. Gaya mini tsakaninki da Allah, hotunan nan, nawa kika buɗe kika karanta?”

Ta sunkuyar da kai tana wasa da ludayi. “Ba duka ba.”

“Rabi?”

“Ba su kai ba.” Ta ɗago. “Amma muryoyin ina ji, Baba. Wanda ban gane ba in maimaita shi sau biyar. A aji mun yi yawa, in kana baya ko allon ba ka gani. Ka ba ni, in zauna in kwashe su cikin kaye da hannuna, kullum in kawo maka ka gani. In ka riƙe ta, me zan kwafa?”

“Haka na ce ni ma. Na ce in na je gida zan saurara.”

“Kai ba ka samu ka saurara ba ne, an ɗauki naka an aika Legas. Ni nawa suna aljihunka.”

Na buɗe baki in ba ta amsa, don ina da ita, amsa mai kyau. Sai na ji hannu a ƙirjina. Yaya Idi ne. Ya ajiye ludayinsa, ya zura yatsu biyu cikin aljihuna ya zaro salular kamar mai cire ƙaya, ya miƙa mata.

“Ungo, ɗiyata. Tahi ki yi abin da kinka ce. Kayen kuma ni za ki kawo ma, ko ban iya karatu ba na san shafi mai rubutu da wanda babu.”

Ta karɓa da hannu biyu, ta kwashi ƙwarya, ta bi kunya tana sauri kada a sake shawara. Na ce, “Haba Yaya! Gabanka na gama faɗin yadda na'ura ta yi da ni. Kai ne fa ka ci amfanin kaset ɗin nan, ka fi kowa sanin abin da na rasa.”

Ya goge gemu, ya dubi reshen aduwa.

“Na sani kuwa. Inna ta ce in rufa maka asiri, na rufa shekara talatin, amma ba da karatun yarinya ba. Sani, ka taɓa sauraren goman nan kahin ka ba da su?”

Na ce ban kai gare su ba.

“Mu mun saurara. Da maganar Inna ta ƙare munka juya bayan kaset ɗin, mu ji ilimin da ƙanena ya tahi nema Yamai. Munka juya na mijin Tsahara, munka juya duk wanda ya zo Legas. Nasaran naka yana can nesa kamar sauro. Abin da ke kusa, tun daga farko har ƙarshe, minsharinka ne.”